Yadda ake zaɓen manhajar zana allon lantarki tsakanin ta kuɗi da ta kyauta

Duk wanda ya gaji da jera kaya a kan allon Vero, wato allon nan mai ramuka da ake saya a shirye, yana jan wayoyi da hannu, ya kuma ƙudura niyyar zana nasa allon, wanda masu gyara ke kira fanel, abu na farko da zai tare shi shi ne manhajar da zai yi zanen da ita. Da yawa sukan ɗauki wadda suka ji manyan kamfanoni na aiki da ita, wasu kuma su sauke duk wadda aka ce kyauta ce ba tare da sun karanta sharuɗɗanta ba. A ganina manhajar kyauta ta ishi yawancin masu wannan sana'a a yau, kuma bai kamata mutum ya fitar da ko sisi ba sai ya iya nuna takamaiman aikin da ta kyautar ta kasa yi masa. Sai dai kafin a kai ga wannan hukunci akwai matakan da ya kamata a bi, domin abin da ke ɗaure mai zane ga manhaja shi ne fayilolinsa da rumbun kayan da zai shafe shekaru yana ginawa a cikinta, kuma waɗannan sun fi wuyar sauyawa fiye da farashi.

Mataki na farko: ka bayyana allon da za ka zana a takarda

Kafin ka sauke komai, ka ɗauki biro ka rubuta siffar allon da ya fi wuya cikin waɗanda kake sa ran zanawa nan da shekara biyu. Ka rubuta tsawonsa da faɗinsa, da yawan hawan tagullar da yake buƙata, wato shimfiɗun tagullar da ake jan layukan wuta a kansu, da jimillar ƙafafun kayan da za su hau kansa, da siginar da ta fi sauri a cikinsa, da kuma wutar da ta fi yawa da za ta ratsa shi.

Misali, allon sarrafa inbata da aka gina a kan aisi (ƙaramin guntu mai ƙafafu da ke ƙunshe da da'ira) na SG3525, ko na'urar cajin batirin sola mai maikirokontrola (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'ura) ta ATmega328P, hawa biyu na tagulla sun ishe shi, kuma abin lura a cikinsa shi ne faɗin layukan da za su ɗauki wuta mai yawa. A allo na yau da kullum mai kaurin milimita 1.6 da tagulla mai kaurin maikiromita 35, layin da zai ɗauki amfiya 10 ba tare da zafinsa ya ƙaru fiye da digiri 10 ba yana buƙatar faɗin kusan milimita 7, kuma kowace manhaja mai hankali za ta bar ka ka ja irin wannan layi. Allon da ke ɗauke da furosesa mai ɗaruruwan ƙafafu a ƙarƙashinta, da ma'adanar bayanai mai sauri ta DDR wadda dole tsawon layukanta ya zo daidai, shi ne mai buƙatar hawa shida ko takwas da binciken lafiyar sigina. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai yawa, kuma yawancin abin da ake zanawa a ƙananan masana'antu da ɗakunan gwaji na jami'o'i yana kusa da na farko ne. Wannan takarda ita ce ma'aunin da za ka riƙa gwada kowace manhaja da shi.

Mataki na biyu: ka rarrabe manhajojin da ba a biya

Manhajojin da ake samu ba tare da biyan kuɗi ba iri uku ne, kuma sharuɗɗansu sun sha bamban.

Kashi na farko su ne masu buɗaɗɗen tushe, kuma babbarsu ita ce KiCad. Jean-Pierre Charras ne ya fara rubuta ta a shekarar 1992 a birnin Grenoble na Faransa, ta kuma daɗe ana yi mata kallon kayan masu sha'awa kawai. Al'amarinta ya sauya tun daga 2013, lokacin da injiniyoyin cibiyar binciken CERN suka fara sa hannu a gina ta, suka kawo mata na'urar jan layi wadda ke ture layukan da ke kan hanya ta kuma gyara musu zama da kanta. A 2019 ta shiga ƙarƙashin gidauniyar Linux, sigarta ta 6 ta fito a ƙarshen 2021, kuma tun daga 2023 ake fitar da sabuwar siga a farkon kowace shekara. Tana ɗaukar hawan tagulla har 32, ba ta ƙayyade yawan ƙafafu ba, kuma lasisinta bai hana ka sayar da abin da ka zana ba. Kamfanin Raspberry Pi ma da ita ya fitar da fayilolin allon da ke ɗaukar ƙaramar kwamfutarsa mai suna Compute Module 4. LibrePCB ma tana cikin wannan kashi, ta fi sauƙin koyo amma ba ta kai KiCad yawan kayan aiki ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda masu ƙera alluna ke bayarwa domin su jawo ciniki. EasyEDA ita ce fitacciya a nan, tana tafe ne tare da JLCPCB mai ƙera alluna da LCSC mai sayar da kayan haɗi, dukansu a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Daɗinta shi ne duk kayan da ka ɗauko daga rumbunta yana zuwa da lambarsa da farashinsa da yawan abin da ya rage a sito, kuma daga cikin manhajar kake tura oda. Illarta ita ce sannu a hankali za ka wayi gari duk zanenka ya ginu a kan lambobin kanti guda.

Kashi na uku su ne manhajojin kuɗi da aka datse wa fuka-fuki. Sigar kyauta ta EAGLE a lokacinta ta taƙaita mutum ga hawa biyu da allo mai murabba'in santimita 80, ta DipTrace kuma ta tsaya a ƙafafu 300 da hawa biyu, ba a kuma yarda a yi kasuwanci da ita ba. CircuitMaker ta kamfanin Altium an gina ta ne domin a riƙa baje zane ga jama'a, don haka ba ta dace da wanda ke son ɓoye sirrin sana'arsa ba. Haɗarin wannan kashi shi ne iyakar takan riske ka ne a tsakiyar aiki, bayan ka riga ka saba da manhajar, lokacin da biyan kuɗi ya fi maka sauƙi a kan komawa farko. Da wannan niyya aka tsara su, kuma babu laifi a ciki muddin ka shiga da saninka.

Mataki na uku: ka san abin da kuɗi ke saya

A ɓangaren kuɗi, Altium Designer ce aka fi ji. Kamfanin ya faro ne da sunan Protel a 1985 a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, ya koma Altium a 2001, sannan kamfanin Renesas na Japan ya saye shi a 2024 a kan kusan dala biliyan 5.9. Akwai OrCAD da Allegro na kamfanin Cadence, akwai kuma PADS da Xpedition waɗanda suka koma hannun Siemens bayan ya sayi Mentor Graphics a 2017. Lasisin mutum guda a irin waɗannan yakan kai dubban daloli.

Abin da mai biya ke samu a fili yake: kayan binciken sigina mai sauri da rarraba wuta a cikin allo, da sauƙin zana allunan da ke haɗa ɓangare mai tauri da mai lanƙwasa, da damar mutane da yawa su yi aiki a kan zane guda kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ya sauya, da rumbun kaya na kamfani wanda ba ya barin kowa ya sa abin da ba a amince da shi ba, da kuma wanda za a kira idan manhaja ta tsaya ana gobe za a tura aiki. Ga kamfanin da ke biyan injiniyoyi ashirin albashi, ranar aiki guda da aka ceto ta biya kuɗin lasisi. Ga mutum ɗaya da ke zana allon hawa biyu, kusan duk waɗannan abubuwa zai biya kuɗinsu ne ba tare da ya taɓa su ba.

Proteus ta kamfanin Labcenter na Ingila tana da nata matsayi na daban, domin da ita ɗalibanmu da yawa suka fara. Ƙarfinta yana wajen gwajin kwaikwayo, inda za ka ɗora shirin da ka rubuta a kan maikirokontrola irin PIC ko allon Arduino ka ga fitila tana ƙyaftawa a fuskar kwamfuta tun ba ka sayi komai ba. KiCad tana da ngspice domin gwada da'irori, amma ba ta kwaikwayon maikirokontrola da shirinsa irin yadda Proteus ke yi. Idan wannan ne buƙatarka, to ka sami dalili na gaskiya, sai dai ka tuna cewa babu abin da ya wajabta a yi gwaji da zanen allo a manhaja guda.

Mataki na huɗu: ka yi lissafin shekara biyar

Kada ka tsaya ga farashin ranar farko. Ka tambayi mai sayarwa ko lasisin na dindindin ne ko na shekara-shekara, ka kuma tambaye shi a rubuce abin da zai faru da fayilolinka ranar da ka daina biya: za ka iya buɗe su ka gyara, ko kallo kawai za a bar ka ka yi, ko ma ba za su buɗu ba. Lasisin shekara-shekara kamar hayar shago ne, ranar da kuɗin haya ya yanke ana iya garƙame ƙofa kayanka suna ciki.

Labarin EAGLE ya ishi kowa darasi a nan. Kamfanin CadSoft na Jamus ne ya fitar da ita a 1988, ta kuma zama manhajar da masu ƙananan ayyuka suka fi rungumar ta a duniya, har fayilolin allunan Arduino na farko da ita aka rarraba su. Autodesk ya saye ta a 2016, a farkon 2017 ya mayar da ita ta biyan kuɗi lokaci-lokaci, sannan a 2023 ya sanar cewa daga ranar 7 ga Yuni, 2026 ya daina sayar da ita da kula da ita, kowa ya koma wata manhajarsa mai suna Fusion. Wanda ya shekara ashirin yana tara zane a cikinta bai yi laifin komai ba, kamfani ne ya sauya hannu ya kuma sauya manufa.

Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira akwai ƙarin lissafi, domin da dala ake biyan waɗannan lasisi. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500, wato wanda ya ɗauki lasisin shekara-shekara ya ga kuɗinsa ya ninka uku alhali kamfanin bai ƙara ko kwabo ba. A haɗa da wahalar biyan kuɗin waje da katin banki, wadda masu sayayya ta intanet suka sha a wancan lokacin. A ɓangaren kyauta kuma ka rubuta makonnin da za ka yi kana koyo da lokacin da za ka kashe wajen zana kayan da babu su a rumbu, domin su ma kuɗi ne.

Mataki na biyar: ka duba kwamfutarka da wutarka

Altium Designer a kan Windows kaɗai take aiki, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. KiCad tana aiki a Windows da Linux da macOS, kuma da zarar ka sauke ta ba ta ƙara neman intanet. Manhajar da ke aiki a cikin burauza ko mai neman tabbatar da lasisi ta intanet lokaci-lokaci tana iya tsayar da kai a ranar da sabis ya ɗauke, don haka ka kashe data da gangan ka ga abin da za ta bar ka ka yi.

Mataki na shida: ka zana ƙaramin allo guda a manhajoji biyu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka zaɓi manhajoji biyu kawai daga waɗanda suka tsallake matakan baya, ɗaya ta kyauta ɗaya ta kuɗi, tunda yawancin na kuɗin suna ba da wa'adin gwaji. Ka ɗauki da'ira ƙarama wadda ka riga ka san tana aiki, kamar mai sauke wuta zuwa bolt 5 da aisi na 7805 da kafasita biyu da fitila da mahaɗin waya, ka kai ta tun daga zanen da'ira har fayilolin masana'anta a kowace ɗaya. Bidiyon talla yakan nuna allon da aka gama yana juyawa da kyau, ba ya nuna inda ake shan wahala.

Ka fara da zanen da'irar, ka gudanar da binciken kurakuran haɗi, ka kuma bar ƙafa guda a sake da gangan domin ka ga ko manhajar za ta kama ta da kuma ko za ka fahimci saƙon da ta bayar. Daga nan ka zo kan sawun kaya, wato siffar ramuka da filayen dalma da kowane kaya zai zauna a kansu. A nan ne alluna suka fi lalacewa. Kada ka wadatu da abin da ke cikin rumbu, ka zana aƙalla sawu guda da hannunka daga takardar bayanin kayan, domin kayan da za ka samu a kasuwar Sabon Gari ko Alaba ba lallai ne su zo daidai da na rumbun manhaja ba, kuma saurin da za ka iya zana sabon sawu shi ne zai nuna maka yadda zamanka da manhajar zai kasance. Shafuka irin su SnapMagic da Ultra Librarian suna ba da sawu na manhajoji daban-daban, amma su ma sai an duba su.

Idan ka gama jera kaya, ka buga allon a takarda da ainihin girmansa, ka ɗora takardar a kan soso ko kwali, ka soka ƙafafun kayan na gaske a wuraren ramukan. Mahaɗin waya mai sukurori yana zuwa da tazarar milimita 5.00 da kuma 5.08, kuma a mai ƙafa biyu ido ba zai ga bambanci ba, amma a mai ƙafa goma za ka ga ta ƙarshe ta kauce wa raminta da fiye da rabin milimita. Ƙananan transistoci masu ƙafa uku ma sukan zo da jerin ƙafafu daban-daban daga wannan lamba zuwa waccan. Babu manhajar da za ta kama maka wannan, komai tsadarta.

Sai ka buɗe shafin masana'antar da za ta ƙera maka, ka kwafo iyakokinta na faɗin layi da tazara da ƙaramin rami, ka shigar da su cikin ƙa'idojin zane kafin ka ja layi ko ɗaya. Ga allo na farko, layi da tazara na milimita 0.25 ba sa gagarar masana'antu, kuma suna barin wurin kuskure. Ka lura da yadda jan layi yake a hannunka, da sauƙin zuba tagullar ƙasa, wato cike sararin da ya rage da tagullar da wuta ke dawowa ta kanta, da kuma ko sauyin da ka yi a zanen da'ira yana isa allon ba tare da ya wargaza abin da ka jera ba.

A ƙarshe ka fitar da fayilolin Gerber, masu ɗauke da hoton kowane hawa na allon, da na ramuka, ka buɗe su a wata manhajar kallo ta daban, ka duba kowane hawa shi kaɗai, musamman layin gefen allo da rubutun sama. Masana'anta waɗannan fayiloli take karɓa, kuma babu ruwanta da manhajar da ta fitar da su, ta dala dubu goma ce ko ta kyauta. Idan aljihu ya ba da dama ka tura ɗaya a ƙera maka, tunda allunan da ba su wuce santimita 10 a kowane gefe ba suna da arha a masana'antun Sin, kuɗin aikowa ma yakan fi na ƙirar. Wanda kuma zai ci tagullarsa a gida da sinadarin ferik kulorayid, sai ya gwada ko manhajar tana buga hawa guda da baƙi tsantsa kuma a juye.

Mataki na bakwai: ka yanke hukunci da takardar farko a gabanka

Yanzu ka koma ga takardar da ka rubuta a mataki na farko, ka bi layi-layi kana tambayar ko akwai abin da manhajar kyauta ta kasa. Layukan USB masu tafiya biyu-biyu a kan om 90 da daidaita tsawon layi duk KiCad tana yin su, haka nan fitar da siffar allo domin mai zana akwatin da na'urar za ta zauna a ciki. Idan babu abin da ta kasa, an gama magana.

Dalilan da ke sa a biya kaɗan ne amma masu ƙarfi ne. Idan wanda ya ba ka aiki ya sharɗanta a miƙa masa fayiloli na Altium ko OrCAD, to ka sa kuɗin lasisin a cikin kuɗin aikin. Idan allonka ya kai inda kuskure guda a sigina zai jawo asarar zagayen ƙira mai tsada, kayan bincike na manyan manhajoji sun cancanci kuɗinsu. Idan kuma neman aiki kake a kamfanin da ke ambaton wata manhaja a tallar ɗaukar ma'aikata, ka koye ta ta hanyar lasisin ɗalibai, wanda Altium da Autodesk ke bayarwa kyauta ga mai shaidar makaranta, amma ka sani ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Ilimin jera kaya da bin hanyar dawowar wuta da karanta takardar bayani yana bin ka duk inda ka koma, maɓallai ne kawai ke sauyawa.

Akwai hanya ta uku da mutane da yawa ke bi a ɓoye, wato manhajar kuɗi da aka fasa makullinta. A da ana iya cewa babu mafita, yanzu kuwa wannan uzuri ya faɗi. Ban da saɓa wa doka, irin waɗannan fayiloli sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, ba a sabunta su, kuma ranar da ka sami abokin ciniki na waje da zai nemi shaidar lasisi, duk aikin da ka tara yana cikin tsarin fayil ɗin da ba ka da ikon buɗewa a fili.

Duk wadda ka zaɓa, ka tsara ajiyarka tun daga allon farko yadda ficewa ba za ta gagare ka ba. Ka buɗe fayil ɗin zane da Notepad ka gani: na KiCad rubutu ne da ido ke karantawa, ana iya ajiye shi a Git, manhajar adana tarihin fayiloli, a ga abin da ya sauya, na wasu kuwa tarin alamomi ne da manhajarsu kaɗai ke ganewa. KiCad tana iya shigo da zanen EAGLE da Altium da EasyEDA, amma bayan kowace shigowa sai an sake gudanar da binciken ƙa'idoji, domin ƙa'idojin zane da zubin tagulla sukan sauya a hanya. Ka kuma lura cewa fayil ɗin da aka adana da sabuwar sigar KiCad ba ya buɗuwa a tsohuwa, don haka masu aiki tare su tsaya a siga guda har aikin ya ƙare. Ga kowane allon da ka tura masana'anta, ka keɓe jaka guda mai ɗauke da fayilolin Gerber da na ramuka, da zanen da'ira a PDF, da jerin kaya da lambobinsu, da kwafin sawun da ka zana da kanka, da ɗan rubutu mai faɗin sunan manhajar da lambar sigarta da ranar da aka tura, ka kuma ajiye kwafinta a wuri na biyu wanda ba kwamfutar da kake aiki da ita ba.